Hankakin Saman Tanki

Ƙarfe bakwai na safe ba ta cika ba aka sauko da Mai Bene daga saman gidansa, ƙarti huɗu riƙe da kusurwoyin bargo, jini na ɗiga a matakala tun daga hawa na huɗu har ƙasa. Yana numfashi, amma bai san wanda ke kansa ba. Kafin motar da ta ɗauke shi ta sha kwana, 'yan haya sun riga sun yanke hukunci: Tela ce. Matar nan ta ɗakin ƙarshe a hawa na huɗu, mai ciyar da hankaki.

Ita aka tarar durƙushe a gabansa, zaninta sharkaf da jini, ga guntun bututun ƙarfe yashe a gefe. Kuma jiya-jiyan nan, a tsakar gida, kowa na ji, da Mai Bene ya ce zai sa a wargaza sheƙar da hankaki suka yi a kan tankin ruwa don kashinsu ya ishe shi, ita ce ta kama ƙugu ta ce, "Duk wanda ya taɓa sheƙar nan zai gani a jikinsa."

To, ga shi an gani.

Ubanta ya iso wajen ƙarfe tara. Maisawu ake ce masa, don ya yi shekara talatin da ɗoriya yana bin sawun dabbobin sata da ɓarayinsu a daji, har mutane suka manta ainihin sunansa. A zamaninsa, in ya duƙa ya dubi ƙasa zai gaya maka mutum nawa suka wuce, wane ne mai ɗingishi, wane ne ya ɗauki kaya. Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya fara dusashewa, yana zaune wajen ɗansa a can ƙarshen gari. Abin da 'yar ta samu faɗa masa a waya bai wuce "Baba, ka zo" ba, sai aka fizge wayar.

Tun daga bakin layi ya hango taron. Samarin unguwa sun cika ƙofar gidan, wasu da sanduna, wani da rabin bulo yana jujjuya shi a hannu. Ba mai ihu a cikinsu, kuma shirun ne ya fi tayar masa da hankali. Ya san irin shirun nan. Sau biyu ya taɓa ganin inda yake ƙarewa.

Wani Sajan ne tsaye a gindin matakala, shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kai ne uban? Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na kulle ta a ɗakinta don amfanin kanta. Motarmu ta fita wani aiki, sai biyar na yamma za ta zo, ni kuma ba zan ratsa da ita ta cikin waɗancan a ƙafa ba. In aka bugo daga asibiti kafin biyar aka ce mutumin nan ya cika..." Ya dubi ƙofar gidan. Ta langa-langa ce, sakatarta ma da waya aka ɗaure.

"Ka bar ni in duba wurin."

"Duba me? Nan ba daji ba ne, Baba. Siminti ne daga ƙasa har sama."

Maisawu ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. Gaskiyar Sajan ne. Ko giwa ce ta bi ta nan ba za ta bar masa komai ba.

* * *

Sai ya ji kukan, ya ɗaga kai. A kan ƙarfen tagar ƙarshe ta hawa na huɗu tsuntsaye biyu ne ke tashi suna sauka, suna ƙwanƙwasa gilashi da baki. Duk da raunin idonsa bai yi musu kuskure ba: baƙi ƙirin daga kai har wutsiya, sai farin ƙirji da ya zagayo ta bayan wuya, kamar ƙato ya sa farar singileti. Baki mai kauri, murya kamar ana jan ƙarfe a kwalta. Hankaka ke nan, wanda kowa ke gani kullum a kan juji da bayan mahauta, amma ba mai tsayawa ya kalle shi.

"Ka gani da idonka ko, Malam?" Wata mace ce mai jiki ta sha gabansa, ƙanwar Mai Bene, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. "Tun safe suke can. Yaranta ne, sun zo jin abin da ya rage. Mace ba miji ba ɗa, sai hira da baƙin tsuntsu! Sau nawa na ce Yaya ya kore ta?"

"Gwaggo, ki bari mana," in ji wani saurayi daga duhun matakala. Muryarsa a toshe take fitowa, don hular kwano ce ta masu babur, mai rufe fuska, a kansa, ya rungumo filas da bargo. "A jira Baba ya farfaɗo tukuna."

"Kai Auta, rufe min baki! Ubanka na can kwance, kana kare wadda ta fasa masa kai? Maza kai wa uwarka kayan nan asibiti."

Auta, ɗan Mai Bene na ƙarshe, ya sunkuyar da kai, ya tura babur ɗinsa ya fice. Maisawu ya bi shi da kallon godiya. Ko ba komai, akwai mutum ɗaya mai tausayi a gidan.

* * *

Sajan ya buɗe masa ɗakin. Tela na zaune a ƙasa tsakanin keken ɗinki da gado, ta haɗa kai da gwiwa, ta saki labule. Duk sanda tsuntsun ya ƙwanƙwasa taga sai ta zabura.

"Baba, wallahi a kwance na same shi. Na hau da ragowar abinci kamar kullum, shida da rabi. Na ɗago kansa, na yi ihu. Shi ke nan."

"Maganar jiya fa?"

"Baki ne kawai! Nufina tsuntsayen za su far wa mutum, suna da 'ya'ya a ciki. Ni me zan iya yi wa Mai Bene?"

"Ba abin da kika rage min?"

"Babu."

Ta ce babu, amma idonta ya leƙa ƙarƙashin gado ya dawo. Tun tana 'yar shekara biyar haka take yi in ta ɓoye abu. Maisawu ya fito bai ce uffan ba. Daga ƙofarta zuwa saman bene taki goma sha huɗu ne. Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana dafa bango, kuma a kan kowanne abin da yake gani shi ne hannun 'yarsa riƙe da ƙarfe.

* * *

Saman benen fili ne, sai igiyoyin shanya, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe masu tsawon mutum biyu, da tsani manne a jiki. Jinin ya bushe dab da gindin tsanin. Gefe kuma ga sheƙar a tarwatse: ƙirare, tsummoki, gashin roba, da wayoyin hanga sun fi ashirin. A tsakiyarsu ɗan hankaka guda ne matacce, gashinsa bai gama fitowa ba, an take shi da takalmi.

Sajan ya nuna masa bututun. Bakinsa guda jini ne. Ɗaya bakin kuwa tsinken kara ne da ɗan gashin tsuntsu a cushe.

"Ina raunin yake?"

Sajan ya dafa tsakar kansa.

"Mai Bene dogo ne?"

"Ya fi ni."

"'Yata ko kafaɗarka ba ta kai ba. In ita ta kai masa duka, a ƙeya za ta same shi ko a goshi. Wannan daga sama ya zo."

Ya matsa ga tsanin, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa ƙarfe. Kashin tsuntsu ya lulluɓe kowane taki fari fat, kuma a cikinsa ga sawu raɗau. Abin da siminti ya hana shi, hankaki sun ba shi. Takalmi ne mai zane a ƙasa, faɗinsa ya fi tafin hannu, ƙafar namiji. Wajen hawa ya taka kowane taki a natse. Wajen saukowa uku na sama kawai ya goge da santsi, sauran bai taɓa su ba. Dirowa ya yi, kuma a kan ɗan tsuntsun ya dira.

"To ai Mai Bene ne ya hau ya faɗo," in ji Sajan.

"Mutumin da aka ce sai ya huta sau uku kafin ya kai hawa na huɗu? Shi yana ƙasa yana ba da umarni. Wani ne ya hau masa ya zungure sheƙar da bututu. Iyayen suka rufe shi, ya saki ƙarfen."

"Wane ne?"

"Shi nake nema."

"Baba, rabin garin nan takalmi mai zane suke sawa. Waɗancan na bakin ƙofa ba za su ajiye bulo don kashin tsuntsu ba. Suna za ka kawo min."

* * *

Wayoyin hangar ne suka kai shi ɗakin Mai Wanki a ƙasa, wani siririn mutum mai sanƙo. Danƙon harbi na rataye a ƙusa, bayan hannuwansa kuma duk tsagewa.

"Hankaki? Kada ka tuna min, Baba! Rigar mutane za su zare su yar a ƙasa, su tashi da hangar. Kana kallo! In ka yi magana su tsaya a kan tanki suna maka dariya."

"Shi ya sa ka hau yau da safe."

Dutsen gugar ya kusa suɓuce masa. "Ni? Ni da ko kujera na taka sai jiri ya ɗebe ni? Ihu na ji na hau, na rantse da abin da zai kashe ni!"

"Miƙo hannunka."

Maisawu ya shafa tsagewar da yatsa. Tsohuwa ce, cin sabulu ne. Hankaka kuwa ba ya zuwa wa mutum ta gaba, ta baya yake saukowa ya kai sara a ƙeya. Ya ce Mai Wanki ya juya. Sanƙon sumul, ko cizon sauro babu. Ƙafarsa ma 'yar ƙarama ce cikin silifa.

"In suna kake nema," in ji Mai Wanki ƙasa-ƙasa, "tambayi Mahauci. Yau da asuba na ga sun yi masa rumfa a ka. Kuma shi ne mai babban takalmi."

Mahauci ya dawo daga aiki da tsakar rana, da takalmin roba har gwiwa. Maisawu ya duƙa ya dubi zanen ƙasan takalmin. Ya auna da tafin hannu. Ya yi girma da yatsa biyu.

"Rumfa? Kullum ma suna yi min," in ji Mahauci yana dariya. "Rakiya ce, tsoho. Sun san inda zan je, sun san abin da zan jefa musu. Ko matata ba ta ɗokin ganina kamar su. Biyar da rabi na bar gidan nan, mutum goma za su shaida."

Ana cikin haka wayar Gwaggo ta yi ƙara a tsakar gida. Duk gidan ya yi tsit. Mata suka leƙo ta baranda, samarin waje suka matso har ƙofar langa-langar ta lanƙwasa ciki.

"An shiga da shi ɗakin tiyata," in ji Gwaggo da ƙarfi, don na waje su ji. "Likita ya ce a yi ta addu'a."

Ƙofar ta koma daidai a hankali. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

* * *

Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife, ya rasa inda zai sa kansa. Sawu ya ƙare. Idonsa ya koma kan tagar 'yarsa, don abin da ya fi ci masa rai ke nan: in ba ta yi musu komai ba, me ya tsare su a can tun safe?

Ya daɗe yana kallo kafin ya lura da abu biyu. Na farko, su biyu ne kawai. Hankaka in faɗa ya kawo shi ba ya zuwa shi kaɗai, gayya yake yi, kafin ka ƙifta ido na unguwa uku sun hallara. Na biyu, ɗaya daga cikinsu akwai abu fari a bakinsa. Ɓawon burodi ne. Ya zo da shi, ya ƙwanƙwasa, ya koma, ya sake dawowa, bai haɗiye ba.

Maisawu ya miƙe har bokitin ya faɗi.

"Fito da shi," ya ce, tun kafin Sajan ya gama buɗe ƙofar ɗakin Tela.

"Baba..."

"Fito da ɗan mutane, 'yar nan. Iyayensa na waje da abincinsa."

Ta fashe da kuka, ta jawo kwalin zare daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga ƙyallen da ta rufe shi da shi, sai ga ɗan hankaka, kai ya fi jiki, farin ƙirjinsa bai gama washewa ba. Yana ganin haske ya wangale baki, cikinsa ja wur.

"A bayan tanki na gan shi yana rarrafe. Na sa shi a kwanon abincin na rufe. Gwaggo cewa take a ƙone su duka. In suka gan shi a ɗakina, Baba, me kake zaton za su ce?"

"Wannan ne kawai abin da kika ɓoye?"

"Me kuma zan ɓoye?"

Ya ɗauki tawul ɗinta ya lulluɓe kansa da fuskarsa, ya bar 'yar kafar gani, ya rungumi kwalin.

"Baba, lafiya?" in ji Sajan. "Ko kai ma abin ya taɓa ka?"

"Ba na son su gan ni da ɗansu a hannu. Tsuntsun nan fuska yake riƙewa, Sajan. Tufa ba ta dame shi ba. In ya ga fuskarka a kan mugun abu, ko cikin kasuwa ka shiga zai tsamo ka, ya kuma nuna wa 'yan'uwansa."

Ya ajiye kwalin a inuwar tanki ya sauko. Kafin ya cire tawul ɗin, tagar Tela ta yi shiru.

* * *

Yunwa da jiri suka kai shi ɗan shagon da ke cikin zauren gidan. Mai Shago tsohuwa ce mai tabarau, wadda ba mai shiga ko fita sai ta gabanta. Ta miƙo masa ruwa tun bai tambaya ba.

"Sha, tsoho, kada ka faɗi a ƙara mana aiki."

"Kin ga wanda tsuntsayen nan suka bi yau?"

"Ban da Mahauci? Babu. Yau ai ranar abin mamaki ce. Har Auta ya san darajar kansa. Shekara uku uban na faɗa a kan hular kwanon nan, kullum tana rataye a hannun babur kamar kwanon awo. Wai tana ɓata masa gyaran gashi. Yau kuwa tun safe ba ta bar kansa ba."

Maisawu ya sauke kofin a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun ihun farko. Shi ya fara saukowa a guje yana cewa mota, mota, a samo mota. Da hularsa a ka."

"A kan babur ya fita?"

"Wane babur? Da ƙafa ya ruga bakin titi."

"Ya hau sama ya ga uban kafin nan?"

Mai Shago ta cire tabaraunta tana gogewa da gefen mayafi.

"Daga ɗakinsu ya fito, hawa na biyu," ta ce. "Tsoho, ni ban ce komai ba. Shekara goma sha ɗaya nake cin abinci a zauren nan."

* * *

Ƙarfe huɗu da rabi Sajan ya tara kowa a bakin matakala, ya sa aka buɗe ƙofar gida rabi don na waje su gani. Auta ya dawo ɗaukar wa uwarsa kaya, yana tsaye a baya cikin duhu. Can sama, a kan katangar bene, hankaki biyu na zaune suna gyaran gashi, sun ci sun ciyar.

Maisawu ya tsaya a tsakiyar fili. Tsuntsu ba mutum ba ne da za a yi alkawari da shi. In suka tashi suka tafi juji fa? In kuma suka tuna wadda ta ɗauke musu ɗa?

"Wanda ya zungure sheƙar nan shi ya saki ƙarfe a kan Mai Bene," ya ce. "Ni ban gan shi ba, ku ma ba ku gan shi ba. Waɗancan biyun sun gan shi. Kowa zai taka daga nan zuwa ƙofa ya dawo, fuska a buɗe. 'Yata ce za ta fara."

"Wasan yara!" in ji Gwaggo. "Tsuntsayenta ne za su ba da shaida a kanta?"

"In nata ne, Gwaggo, ai ba su da dalilin taɓa kowa sai wanda ya taɓa su."

Tela ta fito. Ta runtse ido ta fara takawa. Da ta kai tsakiya, ɗaya hankakan ya buɗe fiffike ya sako kansa ƙasa. Wata mata ta yi salati. Tsuntsun ya zo dab, ya sauka a kan igiyar shanya, ya karkata kai yana duban hannunta, yana 'yar ƙara a maƙogwaro. Abinci yake nema. Da ya ga ba komai, ya koma sama.

Mai Wanki ya biyo. Suna ganinsa suka yi ƙara biyu suka ja baya can ƙarshen katanga.

"Shi ne!" wani ya faɗa daga waje.

"Ja da baya suka yi," in ji Maisawu. "Sun san iyakar inda danƙonsa ke kaiwa. Wuce, Mai Wanki."

Mahauci ya wuce yana ɗaga musu hannu. Mai Shago ta wuce. Gwaggo ma ta wuce tana tsaki. Mutum goma sha tara, ba wanda aka kula.

"Saura kai, Auta."

"Ɗan cikinsa?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Malam, ka ji tsoron Allah!"

Auta ya fito da sauri, ya je ƙofa ya juyo. Hankakin ko motsi.

"To ka gani!"

"Na ce fuska a buɗe. Cire hular, ɗana."

"Sauri nake, Mama na jirana."

"Cire ta," in ji Sajan.

Ya daɗe yana fama da maɗaurin. Da hular ta bar kansa, bai dubi kowa ba. Sama ya duba.

Ƙarar da ta fito daga kan katangar ba irin ta ɗazu ba ce. Doguwa ce, mai kaushi, ba tsayawa, har cikin haƙori ake jin ta. Na farko ya sauko ta bayansa kamar an jefo dutse, na biyu na biye. Kafin Auta ya kai ƙasa wasu sun taso daga kan turakun lantarki, daga rufin maƙwabta, daga wajen juji, har tsakar gidan ta yi duhu da fiffike. Mata suka ruga ɗaki. Samarin ƙofa suka ja baya, mai bulo ya saki bulonsa. Cikin mutum fiye da ashirin da ke filin, kan mutum ɗaya kawai suke sauka.

Auta ya durƙusa ya rufe ƙeya da hannu biyu, amma kowa ya riga ya gani: sara uku sababbi a bayan kansa, an shafa musu jan magani a karkace, irin shafin wanda ya yi wa kansa ba madubi.

"Shi ya ce in hau!" yake ihu. "Na ce masa a bari, ya ce ni ragon banza ne! Sun rufe min ido, ban san na saki ba! Na duba na ga jini, na zaci ya mutu... Ku kore su! Don Allah ku kore su!"

Sajan ya ja shi cikin matakala. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa, ɗankwalinta a hannu.

"Ka bar shi kwance kai kaɗai ka sani," ta ce. "Rabin awa. Kana ji muna cewa a ƙone baiwar Allah."

"Ai na ce ku bari, Gwaggo. Na ce ku bari."



* * *

Motar ta zo biyar da kwata. Auta ya roƙi Sajan ya bar shi ya mayar da hular kafin ya ratsa filin, Sajan ya bar shi. Daga asibiti aka bugo cewa an fito da Mai Bene, yana motsa hannu. Bakin ƙofa ya watse, sai sanduna a yashe.

Maisawu ya hau ɗakin 'yarsa da ƙyar, ya zauna a bakin gado. Ya karɓi kofin ruwan da ta miƙo masa. Tela ta ɗage labule, ta buɗe taga. Tana tsaye ta ba shi baya ta yi magana.

"Baba, da ka fita ɗazu da safe ba ka ce min komai ba. Ka zaci ni ce?"

"Na ga kin ɓoye abu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya dubi cikin kofin. Ya yi wa alƙalai ƙarya, ya yi wa ɓarayi, amma wannan ya san ba za ta shiga ba.

"Daga ƙofarki zuwa saman bene," ya ce. "Taki goma sha huɗu na yi ina zarginki."

Ta ɗauki kwanon ragowar abinci, ta kakkarya ɓawon burodi a ciki, ta zo ta ɗora masa a cinya.

"To tashi ka sake taka su," ta ce. "Ka kai musu da hannunka. Kuma ka bar min tawul ɗina a nan, su ga fuskarka."